Jan Fenti a Bangon Goggo Asta

Zuwa ga Baba,

“Ke za ki shige mana gaba, Rifkatu. Tsohuwar ta ce in ba wani daga gidan Yohanna ta gani da idonta ba, ko ƙusa ɗaya ba za a buga mata ba.” Abin da Dattijo Bitrus ya tare ni da shi ke nan ranar Lahadi a bakin coci, ko gaisuwa bai bari mun gama ba. Na ce masa to. Ka san ni, ba na rasa “to” a bakina in mutane suna kallo.

Ina gaishe ka, Baba. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana da rai ma, juya takardar za ka yi ka duba ko akwai wurin rubuta awon katako a bayanta. Shekara bakwai ke nan da muka kai ka Numan muka dawo babu kai. Yau Asabar, bakwai saura, ƙarfe takwas motar kwano za ta tsaya a ƙofar gida. In ban faɗa wa wani ba, ba na jin ƙafata za ta kai ni Alkalawa. Kai kaɗai ne ba za ka katse ni ba.

Labarin gida tukuna, don na san shi za ka fara tambaya. Mama tana nan. Gwiwa na damunta, amma ba ta hana ta zuwa zumuntar mata ba. Ɗanka Ishaya yana Jalingo, ya yi ƙiba, ya fara furfura kafin ni. Ni ina ofishin filaye, ina zana tituna masu kyau a takarda, ana ajiye su a kabad. Kwanon da ka buga mana bai taɓa ɗiga ba. Duk damina sai Mama ta ɗaga kai ta faɗi haka da ƙarfi, kamar wani ya yi mata gardama.

'Yan guduma sun dawo. Bara sabon fasto ya ji labarinku ya tayar da su, bayan shekara goma babu wanda ya hau tsani da sunan coci. Suna nan yadda ka san su: malaman makaranta uku, akawu ɗaya, ɗan sanda mai ritaya, da birkila guda wanda shi ne yake aikin. Addu'ar buɗewa ta fi cire tsohon kwano daɗewa. Dattijo Bitrus har yanzu shi ke riƙe tsani yana ba da umarni, bai taɓa taka matakala ta uku ba. Amma suna yi, Baba. Gida huɗu suka rufa wa gwauraye a ranin nan, babu wanda ya nemi ko ruwan sha sai abin da mata suka dafa. Na tsaya daga nesa na yi musu dariya, na dawo gida na yi kuka.

Gida na biyar shi ne na Goggo Asta. Ka tuna shi. Ta yaya za ka manta?

Bari in faɗi abin yadda ya faru, daga farko, don ban taɓa faɗinsa da bakina ba, ko a gabanka.

Kai ba ka rubuta suna. In an yi ruwa mai ƙarfi, washegari sai ka ɗauki keke ka zaga unguwanni kana duba wa ya shanya katifa. Gidan da ka ga katifa a rana sau biyu, ya shiga lissafinka. Ba ka tambayar mai gidan, don ka ce mai yoyo ba ya son a tambaye shi. In damina ta ɗauke, sai dai kawai ya ga maza da tsani a ƙofarsa. Haka ka ga katifar Goggo Asta, Bafulatana mai sayar da nono, a can ƙarshen Alkalawa, ka sa ta cikin gidaje tara na shekarar. Takwas na matan cocinmu ne. Da wani dattijo ya ce ai ba tamu ba ce, ka ce masa ruwan da ya jiƙa ta shi ne ya jiƙa sauran. Ba ku taɓa magana da ita ba ma. Maƙwabciyarta ka aika ta sanar da ita.

Ni kuma a shekarar na gama jami'a, na dawo daga Sangere da digiri a tsara birane da baki cike da shawara. Kai ka fara kirana Farfesa. Na ga yadda kake shiga motar kwano kana nuna wa direba gida gida, yini guda ya tafi, na ce wannan ɓata lokaci ne. A sa wa kowane gida alama a bango da lamba, a ba direba takarda, ya sauke kayan shi kaɗai. Ka ce bari ka yi tunani. Shekara ashirin da huɗu ina gidanka, na san “bari in yi tunani” a'a ce. Na yi kamar ban sani ba.

Ranar Asabar da rana na ɗauki ragowar jan fentin da ka shafa wa ƙofar coci, da burushi, na zaga gidajen nan tara. Wace alama yarinyar da ta tashi a makarantar Lahadi za ta yi? Gicciye na zana, babba, yadda direba zai hango daga titi, da lamba a ƙarƙashi. Waɗanda na samu a gida na yi musu bayani. Biyar ba sa nan. Goggo Asta tana kasuwa, ɗanta Hamman ya fita. Na rubuta mata tara. Har na ja da baya na duba ko layin ya miƙe. Ya miƙe. Ban gaya maka ba, so nake ka gani ka yaba.

Ranar Laraba Mubi ta faɗi.

Kai ka ga abin da na gani, ba sai na tuna maka ba. Amma ina so ka san har yau ina jin sa a jikina. Mutanen da suka riƙa shigowa Jimeta da ƙafa a kumbure, mace da tukunya a ka babu komai a ciki, harabar coci ta cika har babu wurin taka ƙasa. Kowa yana cewa gobe Yola. Masu mota suna ɗaure katifa a sama suna nufar hanyar Numan. Mama ta ƙulle takardunmu a leda ta ɗaura a ƙugu, da su take girki. Samarin kowace unguwa suka gicciya itace a bakin layi, da gora da adda, duk baƙuwar fuska sai ta faɗi gidan wa za ta. In taya ta fashe a titi, kasuwa ta watse.

A cikin wannan ne wani ya lura da bangon. Kafin yammar Alhamis magana ta gama gari: an shigo an sa wa gidaje jan gicciye, an yi musu lamba, su za a fara yankawa. Wasu suka ce gidajen Kirista ne. Wasu suka ce to na Goggo Asta fa, ai Musulmin da ke zama lafiya da Kirista ake nufi. Kowa ya samu rabonsa na tsoro. Gwauruwa biyu suka kwashe 'ya'ya suka bar gidajensu a buɗe. Waɗanda na yi wa bayani sun yi ta faɗa, amma wa ke jin bayani a makon nan?

Da ka dawo gida ba ka tambaye ni komai ba. Hannuna ka duba. Fentin mai ba ya fita da sabulu, yana nan ja a gefen farcena duka goma. Ka daɗe kana kallo, sannan ka ce, “Farfesa, ina kika ajiye gwangwanin?” Shi ke nan. Da ka mare ni, Baba, da na fi samun sauƙi.

Ranar Juma'a da safe ka ɗauki galan na kananzir da tsumma, don kowane kafinta ya san da kananzir ake goge fentin mai. Ka ɗaura hankici a hanci saboda warinsa yana tayar maka da tari. Ka ce in zauna a gida. Ka goge takwas lafiya, a layukan da kowa ya san Yohanna kafinta. Na tara ne a inda ba a san ka ba.

Na yi ta tunanin abin da Goggo Asta ta gani da ta leƙo. Namiji baƙo, fuska a rufe, galan na kananzir a hannu, yana tsaye a jikin alamar da aka ce ta mutuwa ce. Ni ma ihu zan yi. Kowa ihu zai yi. Mu biyu masu hankali, ɗaya da digiri, ɗaya da shekara talatin a sana'a, babu wanda ya tsaya ya hango hoton nan.

Ban zauna a gida ba. Na biyo ka da wani tsumman, na makara. Da na iso sun riga sun kai ka ƙasa. Hamman ne da guntun katako, na san shi yanzu, a lokacin dai dogon saurayi ne mai jar riga. Akwai 'ya'yan cocinmu biyu a cikinsu, daga wani layi suka rugo, ba su duba fuska ba. Ranar ce na fara ganin Kirista da Musulmin unguwar nan sun haɗa kai a kan abu ɗaya, kuma a kanka suka haɗa. Wani yana cewa a kawo ashana, ga kananzir ɗinsa nan. Na ji wannan da kunnena. Ina tsaye a bayan mata, ban fi taku goma ba. Ka san abin da na yi? Na cusa hannuwana a hammata don kada a ga farcena.

Jauro ne ya cece ka, mai unguwar, tsoho da carbinsa. Ya ture su ya kwanta a kanka, ya janye hankicin ya ce wannan ai kafintan coci ne, shi ya rufa wa ƙanwar matarsa ɗaki. Da aka zaunar da kai, jini na bin kunnenka, ya tambaye ka wa ya yi alamar. Ka gan ni, Baba. Na san ka gan ni, don idonka ya tsaya a kaina kafin ya wuce. Ka ce, “Ni ne. Kuskure na yi, a yi haƙuri.”

Me ya sa ban buɗe baki ba? Na ba kaina amsa iri iri cikin shekarun nan, ina da baiwar hakan. Da sun koma kaina. Da na ɓata abin da ka riga ka gyara. Duk gaskiya ne. Amma a lokacin ban yi wannan lissafin ba. Tsoro ne kawai, irin wanda ke sa mutum ya ji fitsari.

Waɗanda suka ci Mubi ba su zo Yola ba a ƙarshe. Gari ya koma kasuwa. Hannunka na dama ne bai koma ba, da kunnen hagu. 'Yan guduma suka watse, kwanon gidaje tara ya yi shekara a bayan coci kafin a rufa ajin yara da shi. A coci aka riƙa cewa Yohanna mutumin kirki ne, sai dai wautar nan ta fenti. A gabana ake faɗi. Ina gyaɗa kai.

Ka koya wa kanka bugu da hagu. Ka tuna kana kirana in riƙe maka ƙusa? Ina riƙewa, ido a rufe, rabin zuciyata tana so ka kuskure ka sauke mini guduma a yatsa. Ba ka taɓa kuskurewa ba. Shekara huɗu muna haka, ba ka ɗaga maganar ba ko sau ɗaya, kuma ba ka daina ce mini Farfesa ba. Na kasa gane ko tsokana ce ko gafara. Likita ya rubuta hawan jini a takardarka. Ni na san ranar da ciwon kan nan ya fara.

Tun daga lokacin ba na shiga keke sai na leƙa fuskar direba, don an ce Hamman keke yake ja yanzu. Alkalawa kuwa ko a taswirar ofis na ga sunanta sai na kau da ido.

Ranar Talata aka yi ruwan farko, da iska. Laraba na bar ofis da rana na je na tsaya a bakin layin, kamar mai jiran wani. Baba, gidan yana nan yadda ka bar shi, an ƙara masa shekara goma sha ɗaya. Tayoyi da duwatsu ne ke riƙe da kwanon. Bangon gabas ya tsage daga sama har ƙasa, hannuna zai shiga. Katifarta tana waje a rana. An shafa wa bangon farar ƙasa, amma ruwa ya wanke ta, kuma abin yana nan. Ka goge hannun gicciyen, ba ka kai ga sauran ba. Dogon layi ja, da tara a ƙarƙashinsa, rubutuna, mai ƙugiya a wutsiya yadda nake yi har yau. Keken Hamman yana fake a ƙofar. Ban san lokacin da na kai bakin titi ba.

Birkila ya ce bangon ba zai ga ruwa uku ba. Ɗan Jauro, wanda ya gaji uban, shi ya aiko coci da kansa, ya ce sun yi sun yi da ita ta ƙi fita daga ɗakin, ta ƙi a taɓa. Hamman ya kawo magini sau biyu ta kore shi. Sai yanzu ta ce wani daga gidan Yohanna. Kwana shida ina tambayar kaina me take so. Ta gan ni ne ranar Asabar ɗin? Wata maƙwabciya ta gaya mata? So take ta nuna ni da yatsa a gaban ɗanta, da dattawan coci, da Mama?

Jiya da yamma muna tsince shinkafar da za a dafa wa ma'aikata, na ga gara Mama ta ji daga bakina. Na shirya jawabi mai kyau, da gabatarwa. Abin da ya fito shi ne, “Mama, ni na shafa fentin.” Ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, “To wa ya wanke rigar? Kwana biyu ina dirza ta.” Ta jefar da tsakuwa ta ci gaba. Ta ce kai ka hana ta yi mini maganar, ka ce in na shirya zan kawo ta da kaina. Ta ce ba ta zaci shirin zai kai shekara goma sha ɗaya ba, amma an ce masu ilimi ba sa gaggawa.

Ashe ku biyu kuka zauna kuna kallona ina ɓoye abin da ke a fili. Ban san ko in gode muku ba.

Sai ta gaya mini wanda ban sani ba. Ranar da aka dawo daga jana'izarka, Goggo Asta ta zo da ƙwaryar nono ta zauna a waje a jikin katanga, ta ƙi shigowa. Kindirmon da muke sha duk Kirsimeti, wanda nake yaba wa Mama iya zaɓe, daga wurinta yake zuwa. Ba ta san komai game da ni ba. Abin da ta sani shi ne mutum ya zo rufa mata ɗaki, ta yi masa ihu, ɗanta ya karya shi. Ta gaya wa Mama ita ta kashe ka da bakinta, kuma ɗakin da ta hana ka gyarawa, in Allah ya so ya faɗo mata, ba za ta tare shi ba.

Mama ta ce, “Ba tona ki za ta yi ba. Durƙusa miki za ta yi ta roƙi gafara, tsohuwa sa'ar kakarki. Sai ki ga ko za ki iya tsayawa ki karɓa.”

Ka ga inda ka bar ni, Baba? Da tona ni za ta yi, da sai in tsaya kawai a yi mini. Yanzu hanya a buɗe take. In je, ta durƙusa, in ɗaga ta in ce ba komai Goggo, mun yafe. Zan iya, na san har muryar da zan yi amfani da ita. Dattijo Bitrus zai share hawaye, a yi addu'a mai tsawo, a cire kwano, kafin la'asar tana da sabon ɗaki. Fasto zai sa ni a wa'azin gobe. Babu wanda zai rasa komai. Ita ce kawai za ta kwanta a ƙarƙashin sabon kwano tana ganin ita kaɗai ta yi.

Ba zan bari gwiwarta ta kai ƙasa ba. Na rubuta a nan don in ji kunyar fasawa. Kafin ta buɗe baki zan kai ta jikin bangon in nuna mata taran nan, in ce rubutuna ne, ni na sa mata abin da ya tsorata ta, kuma ina tsaye a wurin ranar da hannuna a ɓoye. Hamman zai ji. Ban san me mutum yake yi ba in ya gano shekara goma sha ɗaya yana ɗauke da kayan da rabinsu na wata ne. Mutanen layin za su fito, kullum suna fitowa. Dattawan da suka ce maka wawa a gabana za su juyo su dube ni. Wataƙila ta ce mu kwashe kwanonmu mu tafi, ruwa na biyu kuma yana hanya, tun jiya gabas take haɗa baƙi. Wannan ne ya fi ba ni tsoro: kada gaskiyata ta zama wata dabarar Farfesa, wani ya sake biya. In haka ta faru, zan zauna a ƙofar ɗakin har ta yarda ko ya faɗo mana tare. Ban da wani tsari bayan wannan. Karo na farko ke nan.

Kai da ka ɗauki galan ɗin nan da safe, ka ji irin wannan tsoron? Ko ba ka ba kanka lokacin ji ba?

Ga mota nan, Dattijo Bitrus yana danna ham kamar gidan ya kama da wuta. Mama ta riga ta fita da tukunya, ina jin ta tana gaya masa ya bari maƙwabta su huta. Na ɗauko gudumarka daga ƙarƙashin gado, ƙotar ta goge a gefen da hagunka ya saba. Birkila ya ce in taho da abin goge alamar. Na ce masa a bar ta tukuna, sai mai bangon ta gani. Kananzir kuwa ba zan ɗauka ba.

Zan sa takardar nan a akwatin kayan aikinka, bayanta babu rubutu, ko za ka buƙaci wurin awo. Makulli yana hannuna, ni ce ta ƙarshe a gidan. Bari in ja ƙofa.

Ka huta lafiya, Baba. In ana roƙo a inda kake, ka roƙa mini bakina ya buɗe.

'Yarka,
Rifkatu, wadda kake kira Farfesa